Wa Za a Yi wa Takwara a Gidan Zayyanu

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan na ɗan lokaci. Wannan ba ta dawa ba ce, babu kura babu zaki a cikinta, mutanenta masu cin tuwo ne kamar ku. In na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku ne za ku yi magana.

An yi wani mutum ana ce masa Injiniya Zayyanu, a wani gari da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Shekara goma sha huɗu ya yi a Legas yana gina wa manyan kamfanoni irin shafin nan na intanet da ma'aikata dubu za su shiga ta ƙofa ɗaya, kowa da lambar sirrinsa, kowa ya tarar da abin da ya shafe shi kaɗai. Masu wannan sana'a fotal suke kiran irin shafin nan. Ciwon ido ne ya dawo da Zayyanu gida. Likita ya ce in yana son ɗan ganin da ya rage masa, to ya rabu da kallon allon kwamfuta. Sai ya kama ɗaki a saman wani shagon ɗinki, ya jera tebura, ya ce zai koyar da baki abin da ido ya hana shi yi.

Mutum ashirin da biyu suka fara. Muddin ana zanen shafi mai launi, aji cike yake. Da aka shiga rumbun bayanai, inda babu launi sai tunani, sai suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wannan kakarsa ba lafiya, wancan an yi masa alkawarin aiki a Abuja. Samarin da suka zo da jakar kwamfuta a kafaɗa suna taku ɗai-ɗai, kafin damina ta kankama babu ko ɗaya. Uku suka rage, duka mata: Barira, wadda ta taɓa aikin ba da kati a asibiti, Suwaiba, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, da Hansatu, mai gyaran waya a rumfar yayanta da ke bakin kasuwa.

To ga abin da ke cin ran Zayyanu. Matarsa Sa'adiyya tana da ciki wata huɗu, rukunin jininta kuwa irin wanda ba a cika samu ba ne, wanda likitoci ke kira O negatib. A haihuwarta ta fari aikin tiyata ya kama, likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai da jini a hannu, kafin a samo daga Zariya ɗan ya koma, ita ma da ƙyar ta sha. Zayyanu bai manta da wunin nan ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san akwai masu irin jinin a kusa. Ƙananan asibitoci tara ne a garin da ƙauyukan kewaye, kowanne da littafinsa na mutanen da aka gwada jininsu suka kuma yarda a neme su in an matsu, amma kowane asibiti ya rungume littafinsa, babu wanda ya san abin da ke cikin na maƙwabcinsa.

Ya je gaban ƙungiyar masu asibitocin ya ce zai gina musu fotal ɗaya kyauta, wanda duk mai neman jini zai tambaya a amsa masa nan take. Suka yarda, amma da sharaɗi: littafin kowa ya zauna a kwamfutar ɗakinsa, kada sunan mutum ko ɗaya ya kwana a gidan wani. Zayyanu ya dawo ya raba aiki uku. Barira ta tsara yadda za a ajiye mutane. Suwaiba ta gina abin da zai haɗa asibitocin. Hansatu kuwa ya ce mata, “Ke naki ki karya duk abin da suka gina, kafin ranar tsiya ta karya mana shi.” Shi kuma ya juya wa allo baya, ya zauna da goronsa, suna karanto masa abin da suka rubuta layi-layi yana gyarawa da ka. Wata biyar yake da su, kuma dukansu sun san dalili.

Barira ta fara kamar yadda aka koya mata. Kwamfuta ba ta san fuska ba, dole a ba kowane mutum wani abu guda da ba ya tarayya da kowa a kansa, don ta bambanta shi da mai irin sunansa. Barira ta zaɓi lambar waya. Zayyanu ya ce madalla, haka ya yi shekara goma sha huɗu a Legas ba a taɓa kawo masa ƙara ba. Mako shida tana zagaya asibitocin tana juye littattafai cikin kwamfuta. Da ta gama ta duba, suna dubu biyu da ɗari uku ta shigar, amma dubu da ɗari shida ta tarar. Zayyanu ya ce ai maimaici ne, mutum ɗaya ya yi gwaji sau biyu. Hankalinta bai kwanta ba. Ta hau mota ta tafi asibitin ƙauyen Rafin Gora, mafi nisa cikin taran, ta wuni a gefen mai ba da kati. Tana zaune wani dattijo ya shigo da 'ya'yansa uku da ɗan ƙanensa, aka tambayi kowa lambar waya, duka biyar suka faɗi lamba ɗaya. “Ta Yaya ce,” in ji ƙaraminsu, “ita ce ta gidan.” Na bayansu ma lambar mai shayin ƙofar gidansu ya bayar. Ashe duk lokacin da ta shigar da sabon suna a kan tsohuwar lamba, kwamfuta ɗauka take mutum ɗaya ne ya sake suna ya sake jini, sai ta shafe na farko ba tare da ta ce uffan ba.

Ta dawo ta tsaya a gabansa. “Malam, na yi ɓarna. Ni da na yi shekara huɗu ina ba da kati, ni ya kamata in fara sani. Sai an rushe tun daga tushe.” Zayyanu ya lissafa watanni a yatsunsa. Ya ce ta yi faci kawai a wuce. Ta ce faci ba zai dawo da mutum ɗari bakwai ba. Ta kafe, shi ya sauko. A sabon tsarin kowa ta ba shi lambarsa ta kansa, ta kuma ƙara gurabe da babu su a cikin kowane littafin koyo: wayar wa ce, gidan wa yake, wane ne mai unguwarsu, wace kasuwa yake ci a wace rana. Mako uku ta yi tana bin littattafai da masu unguwanni, har ta mayar da ɗari bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da hannunta.

Suwaiba ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa tsallake abin da aka sa ta ba. Aikinta shi ne ta gina ɗan aike, ba na jini da tsoka ba, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a wata babbar kwamfuta da suka kama haya a can nesa. In aka yi masa tambaya, ya ƙwanƙwasa ƙofa tara a lokaci guda, ya nuna shaidar wanda ya aiko shi, ya karɓo amsar abin da aka tambaya kaɗai, ya rubuta wa ya tambaya da yaushe. A baki abu ne mai sauƙi. Amma kwamfutocin nan tara babu biyu masu hali ɗaya: wata sabuwa, wata ta girmi wasu daga cikinku, wata ba ta tashi sai rana ta bugi faifan sola. Suwaiba takan tashi daga makaranta da azahar, alli bai bar yatsunta ba ta hau bene, ba ta sauka sai an kira magariba.

Takwas suka miƙa wuya. Ta Rafin Gora ta ƙi. Sabis ɗin can rarrauna ne, amsa takan taso ta mutu a hanya, ga mai asibitin, wani tsohon likita mai taurin kai, ya ce shi bai yarda da ɗan aiken da ba ya gani ba. Kwana goma sha tara Suwaiba ta yi a kan ƙofar nan guda. Sau huɗu tana sake rubuta ɗan aiken, har ta koya masa haƙuri: in amsa ta yanke ya jira ya sake tambaya, ya karɓo ta gutsure-gutsure ya haɗa. A cikin kwanakin ne aka kira ta Kaduna jarrabawar ƙarin girma, wadda ta shekara uku tana jira, ba ta je ba. Ranar ƙarshe ta zaunar da tsohon likitan ta ce ya umarci ɗan aiken ya kwaso masa littafin wani asibiti gaba ɗaya. Ya gwada ta gaba, ya gwada ta baya, abu ya ƙi. Sannan ya ce a haɗa. Da ta karanta wa Zayyanu yadda ta yi, ya ce ko da idonsa biyu bai tabbata zai iya ba.

Hansatu kuwa ta ji daɗin aikinta fiye da kima. Ta zare wayar wuta daga bango ana tsakiyar aiki, ta cika gurbin suna da shirme, ta shiga da lambar sirrin wani don ta ga ko za a kama ta. Sau biyu tana sa Suwaiba kuka. Amma akwai abin da zaman rumfa ya koya mata wanda babu a bene. Duk ranar Laraba, ranar kasuwar garin, mutane kan yi mata layi da wayoyi wai sun lalace, alhali lafiyarsu ƙalau, jama'a ce ta yi wa sabis yawa har intanet ya shaƙe. Wata Laraba ta buɗe fotal ɗin a rumfa. Ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, har ta gama cin rogonta bai buɗe ba. Saƙon tes kuwa, ta lura, yakan lallaɓa ya wuce.

Ta kawo wa Zayyanu shawara a yi wata ƙaramar ƙofa ta baya, wadda za a tambayi ɗan aiken Suwaiba da saƙon tes ya amsa da tes. Lokacin cikin Sa'adiyya ya shiga wata takwas, rushewar Barira ta riga ta cinye musu makonni, Zayyanu ba ya son jin sabon abu. Ya ce a'a. Ya ce ƙofar baya ta ɓarawo ce, kuma wanda aka ba aikin karyawa ba a ba shi na gini ba. Hansatu ta ce, “To, Malam.” Wanda ya san Hansatu ya san wannan “to” ɗin ba ta yarda ba ce. Da mabuɗin da aka ba ta na gwaji ta shiga babbar kwamfutar, ta gina abinta a rumfa tsakanin gyaran waya da gyaran waya, ta ɗaure ƙofar yadda ba za ta amsa wa kowa ba sai wayoyin ma'aikatan jinya da ta yi wa rajista. Ta rubuta yadda ake tambayar a 'yan katuna, ta bi ɗakunan haihuwa tana manna su a cikin durowa. Ba ta gaya wa malaminta ba, ba ta gaya wa Suwaiba ba.

Zayyanu bai dogara da fotal kaɗai ba, ba wawa ba ne. Ya sa an ajiye leda ɗaya ta jini, ya kuma shirya da mutum biyu masu irin jinin. Sai naƙuda ta zo da saura mako uku, da hantsi, ranar Laraba. Mutum na farko ya bi motar shanu zuwa Fatakwal. Na biyu yana kwance da zazzaɓin taifot. Aka yi aiki aka ciro yarinya da ranta, amma jini ya ƙi tsaya wa uwar, ledar nan guda ta shige kamar ba a sa ba. Likita ya fito ya ce in ba a samo leda biyu kafin la'asar ba, shi dai ya yi iyakar abin da zai iya.

Zayyanu ya tsaya a gaban kwamfutar asibitin, allon da aka hana shi kallo, ya ƙura masa ido bai ga komai ba sai haske. “Sista, ya buɗe?” Ma'aikaciyar jinyar ta ce, “Yana juyi, Injiniya.” Ya sake tambaya, ta sake ba shi amsar. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don a wancan karon bai san abin da ke zuwa ba, yanzu kuwa ya sani. Can matar ta ja durowa ta ɗauko wayarta, tana duba wani ɗan kati tana dannawa. Ya ce mene ne wannan. Ta ce, “Abin da ɗalibarka mai gyaran waya ta koya mana ne, na ranar kasuwa.” Bai gama fahimta ba wayar ta yi ƙara. Ta karanta masa: Mamuda da ƙanensa Sale, mutanen Rafin Gora, masu gyaran injin ban ruwa, wayar ta yayansu ce, ba ta hannunsu, ranar Laraba suna kasuwar gari, layin masu injuna.

Kasuwar nan da ta shaƙe intanet, tafiyar minti goma ce daga asibitin. Kafin ya fita, a gaban mahaifiyarsa da ma'aikaciyar jinyar da duk wanda ke barandar, Zayyanu ya ɗaga murya ya ce, “Ku shaida, in Allah ya tashi kafaɗar Sa'adiyya, ɗalibar da ta zama sanadi ita zan yi wa takwara da yarinyar nan.” Ya hau acaɓa. A layin masu injuna ba ya iya rarrabe fuska, sai ya bi layin yana ƙwala kiran Mamuda na Rafin Gora kamar mai shela, babban injiniya guda, hula a karkace. Wani mutum ya ɗago daga kan inji da baƙin mai har gwiwar hannu ya ce ga shi, lafiya? Kafin a kira la'asar leda ta biyu tana shiga jikin Sa'adiyya. Washegari ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Lokacin da ya yi alkawarin, Hansatu ce a ransa, kuma da abin ya tsaya nan da ban tara ku ba. Amma a kwana na biyu ya sa aka karanta masa abin da ɗan aiken ya rubuta na ranar. Asibitoci uku na cikin gari ba su amsa ba, intanet ɗinsu a shaƙe yake. Biyar sun ce ba su da kowa a kusa. Amsar daga Rafin Gora ta fito, sau uku tana yankewa a hanya ɗan aiken yana komawa, a na huɗu ya haɗa ta. A kwana na uku kuma ya tambayi Barira ko ta san Mamuda. Ta buɗe tsohon littafinta ta duba. Shi da Sale duka suna cikin ɗari bakwai ɗin da aka shafe, sunan wani ɗan'uwansu mai wani jini dabam ne ya hau kan nasu. Maganar kasuwar Laraba kuwa daga bakin mai unguwarsu ta samo ta.

Gida ya rabu. Mahaifiyar Zayyanu ta ce Barira, don ba a kiran wanda babu shi. Ƙanwarsa ta ce ai Barirar ce ta shafe su da hannunta, wanda ya zubar ya kwashe ba gwaninta ya yi ba. Yayan Sa'adiyya ya ce Suwaiba, ita ta yi aiki mafi wuya, ta kuma yi asarar abin da ta shekara uku tana jira. Aka ce masa aikin da aka sa ta ta yi, ba ta ƙara ko taku ɗaya a kai ba. Ma'aikaciyar jinyar ta aiko cewa ita dai abin da ta gani da idonta katin Hansatu ne; liman ya ce a yi hattara, yarinya za ta tashi da sunan wadda aka ce mata kada ta yi, ta ce to, ta juya ta yi a ɓoye da mabuɗin amana. Zayyanu ya kai maganar gaban Sa'adiyya. Ta ce, “Malam, ni ina kwance ban san inda kaina yake ba. Kai ka yi alkawari, kai za ka fitar da kanka.”

Su ukun sun zo barka tare, suka ɗauki jaririya bi da bi, babu wadda ta ta da zancen. Kada ku ɗauka ba su damu ba. Telan da ke ƙasan bene ya san kowacce ta zo masa ita kaɗai, ta ba da ɗinkin kayan jarirai da ya wuce na barka, ta ce kada ya gaya wa sauran.

Kada wani a cikinku ya ce a sa sunan mai jinin, Mamuda da Sale maza ne, an kuma yi musu tasu godiyar. Kada a ce a jera suna uku, yarinya ɗaya ce, sunan yanka ɗaya ake raɗa mata, alkawarin ma ɗaliba ɗaya ya ambata.

Ranar suna ta zo. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro da dabino, rago yana ɗaure, mai yanka ya wasa wuƙa. A cikin gida mata sun yi tsit suna jiran abin da maroƙi zai faɗa, ɗaliban uku suna zaune a tabarma ɗaya, kowacce ta sa wa ƙasa ido. Liman ya karkato da kunnensa wajen Zayyanu ya ce, “Injiniya, wane suna?”

Nan na tsaya. Wadda ta ɓatar da mutanen ta kuma nemo su, da wadda ta shimfiɗa hanyar da amsa ta biyo, da wadda ta saɓa wa malaminta ta buɗe ƙofar da aka tambaya ta cikinta. To, ku da kuka ji, da ku ne a kan tabarmar nan liman yana jira, sunan wa za ku raɗa masa: Barira, Suwaiba, ko Hansatu?